Nusret da Ruwan Ɗufana

Lahadi, 11 ga Mayu, 2014

Na hau tudu wurin ƙanena Nusret shan gahawa, kamar kowace Lahadi. Matarsa Mevlida ta ajiye mana pita, gasasshen burodi mai dankali a ciki, ta gudu lambu, wai ba za ta zauna ta ji tsofaffi biyu suna nutsar da duniya karo na dubu ba.

Ba ta yi ƙarya ba. Ko kofi na biyu ba mu kai ba ya tono zancen ruwan Ɗufana. Wai ya karanta cewa wasu masu bincike na zaton teku ce ta ɓalle a zamanin da, ta cinye garuruwan bakinta, ƙila nan ne asalin labarin.

"Hoja," in ji shi. Haka yake kirana in tsokana ta motsa, tun ranar da na ɗaura rawanin limanci. "Shekara talatin da biyar ina koyar da labarin ƙasa. Ka matse gizagizai duka, ka narkar da ƙanƙarar duniya, ruwan ko gwiwar duwatsunmu na Bosniya ba zai kai ba. Daga ina ya fito? Ina ya tafi?"

Na ce ƙasa ta haɗiye shi yadda aka umarce ta. Ya ce to giwa da damisa a jirgi ɗaya, wa ke musu shara? Kuma ruwa ya ɓuɓɓugo daga tanderun gasa burodi? Na ce wanda ya halicci ruwa daga babu, ƙari ba zai gagare shi ba.

"Ni fa ban ce ba a yi ba. A littattafanku ma akwai masu cewa ƙasar mutanen Nuhu kaɗai ya ci. Ka faɗa mini ba haka ba ne."

Haka ne. Na karanta tun ina ɗalibi. Amma ban taɓa amsa masa ba. In na sakar masa wannan, gobe Aljanna zai zo aunawa da rula. Na ce ya fara yin salla tukuna, sannan ya zo mu yi tafsiri. Ya yi dariya, amma ta taɓa shi, na gani.

Laraba, 14 ga Mayu

Ruwa bai ɗauke ba tun jiya. Kogin Bosna ya koma launin gahawa da madara, yana tafe da itatuwa har da saiwoyinsu. Da la'asar mutum huɗu ne a masallaci.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ina rubutu a ajin makarantar firamare, a kan bencin yara.

Da hantsi ruwa ya shigo gidana. Ba ta ƙofa ba. Daga ƙarƙashin daɓen ɗakin girki ya ɓuɓɓugo, dab da murhu. Na tsaya ina kallo kamar wawa, har na ji a raina, Nusret ya zo ya gani.

Sai ga wayarsa. "Hoja, ka hau jirgi ko kana jiran wahayi? Taho nan sama. Kogi ba zai taɓa kawowa nan ba, mita tamanin ne tsakaninmu. Wannan tudun ya fi ka aminci."

Na ce, "Ɗan Nuhu ma haka ya ce da dutse."

Wasa nake yi. Wallahi wasa nake yi. Ya ce, "To ka ajiye mini wuri kusa da jakuna." Sai layin ya yanke.

Taraktar maƙwabta ce ta kwashe mu. Alƙur'anin mahaifinmu kawai na ɗauko, da wannan littafin, da hoton matata, marigayiya Zumreta. Maganin hawan jini na manta. Mevlida tana nan tare da mu, ta sauko asibiti da safe hanya ta yanke mata.

Juma'a, 16 ga Mayu

Tudun ya zaftare jiya bayan la'asar. Gidaje tara. Ba a ga Nusret ba.

Litinin, 19 ga Mayu

Kwana uku muna haƙa. Ni ba haƙa nake yi ba, riƙe shebur kawai nake, matasa na kewaye ni cikin ladabi. Inda gidansa yake babu komai sai laka da kan bishiyar tuffa.

Yau aka same shi. Ba a gidansa ba, can ƙarshen layi, a matakalar gidan Šefika, tsohuwar kurmar nan. Ita ma gawarta tana ciki. Me ya kai shi can, ba wanda ya sani. Mutanen tudu an kwashe su zuwa birnin Zenica tun ranar.

Ni na wanke shi. Laka har cikin kunnuwa. Tabon da na yi masa a goshi da majajjawa yana ɗan shekara shida yana nan.

Talata, 20 ga Mayu

Jana'iza. Sabon limaminmu Vahdet, wanda ya gaje ni, ya ja baya, ya kira ni da laƙabin da muke girmama malamai da shi, ya ce, "Efendiya, kai ne babba, kuma naka ne." Na shiga gaba. Da na juyo na tambayi jama'a ko sun yafe masa, suka amsa sun yafe, sau uku, yadda aka saba. Muryata ce ta ƙi fita a ta ukun.

A bakin maƙabarta na ji Haji Rifet yana ce wa wani, ba da ƙarfi ba, amma ba a ɓoye ba: "Wanda ya yi wa ruwan Annabi Nuhu dariya, ga shi nan. Dutse ya dogara da shi." Na wuce kamar ban ji ba. Me zan ce? Ni na riga shi faɗa.

Lahadi, 25 ga Mayu

Lahadi.

Asabar, 7 ga Yuni

Na koma gida. Bango ya yi layin laka daidai ƙirjina. Littattafan tafsirin da ke ƙasan kanta sun kumbura sun manne, na shanya su a rana shafi shafi. Wurin da nake nema ya tsira. Na karanta shi ya fi sau goma.

Annabi Nuhu ya kira ɗansa, ɗan ya ce zai fake a dutse, igiyar ruwa ta raba su. Bayan komai ya lafa, uban ya ce da Ubangijinsa, ai ɗana cikin iyalina yake. Aka ce masa a'a. Shekara arba'in ina karanta wa mutane wannan a kan mumbari, ina ɗaga murya a wurin a'a ɗin. Ban taɓa tsayawa a kan uban ba. Mutumin da ya ga halakar duniya da idonsa, ya tsira, abin da ya fara ci masa rai yaro ɗaya ne.

Amma wancan ɗan ya ƙaryata. Nusret gardama yake yi. Ɗaya ne? Ban sani ba. Ban taɓa ganin goshinsa a ƙasa ba in ba ranar Idi ba, wannan ma don innarmu.

Laraba, 11 ga Yuni

Mevlida tana gidan 'yarta yanzu. Ta zo ta taya ni goge bango. Tana cikin gugar, ba ta juyo ba, ta ce, "Yaya Sakib, kai ka san littafi. Abin da Rifet ke yawo da shi, gaskiya ne? Nusret kamar wancan yaron yake?"

Na ce Allah ne masani.

Ta ce, "Wannan na sani. Kai nake tambaya."

Na fita wai zan ɗebo ruwa.

Laraba, 18 ga Yuni

Ejub makaniki ya dawo daga Zenica da iyalinsa, ya zo gaisuwa. Gidansa na uku ne daga na Nusret. Ya zauna yana murza hula, ya ce yana jin kunyar haɗa ido da ni.

Ga abin da ya faɗa. Ranar Alhamis ɗin da azahar Nusret ya fita duba amyoyin zumansa, ya ga maɓuɓɓugar bayan gida ta koma ja, ƙasa ta tsage faɗin tafin hannu, turakun shinge sun karkata. Sai ya bi gida gida yana dukan ƙofa: ku fita, tudun zai tafi, ku bi ta gefe, kada ku gangara.

"Efendiya, dariya muka yi masa. Na ce malam ya fara shan barasarsa da wuri yau. Kogi na can ƙasa, mu muna sama, ina za mu a cikin ruwan nan? Ya kama ni ta kwala, mutumin da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, ya ce, Ejub, don girman Allah ka fitar da yaranka. Da na ji Allah a bakin Nusret, shi ne na tsorata."

Mutum ashirin da shida suka fita. Suna bakin daji ya ƙirga su kamar 'yan aji, ya ce Šefika ba ta ji bugun ƙofa ba. Ya koma.

Na tambayi Ejub, da gaske haka ya ce, don girman Allah? Ya ce sau biyu ma.

Ba na kwatanta shi da kowa, astagfirullah. Na dai rubuta yadda aka faɗa mini.

Asabar, 28 ga Yuni

Azumi ya kama. Masallaci har yanzu warin danshi yake, a kan kwalaye muke salla. Daga tagarsa ana ganin tudun, ja wur kamar an feɗe shi. Ranar da muke makaranta na leƙa ta tagar bene, gabas ruwa, yamma ruwa. Da a ranar wani ya tambaye ni, da na rantse duniya duka ta nutse. A Sarajevo kuwa mutane na shan gahawa.

Laraba, 9 ga Yuli, 12 ga Ramadan

Karatun bayan la'asar ya iso kan labarin Annabi Nuhu. Na so in zauna a gida. Na je.

Vahdet ya roƙe ni in ɗan yi bayani. Na yi gajere. Sai Haji Rifet ya ɗaga murya daga sahun gaba: "Efendiya, gaya wa matasan nan, duniya duka ruwan ya rufe ko? Don akwai masu ja."

Na ji bakina yana cewa malamai sun saɓa. Da yawa sun ce duka, wasu sun ce ƙasar mutanen da aka aiko shi gare su, kuma waɗannan ma masu salla ne. Littafi bai ba mu awon ruwan ba. Abin da ya ba mu, an yi gargaɗi, an yi dariya. Wanda ya tambayi yadda abin ya faru bai ƙaryata ba. Wanda ke iyalin Annabi da wanda ba ya ciki kuwa, Allah ne ya faɗa wa Annabi, ba a faɗa wa ni ko kai ba, Haji.

Rifet ya duƙar da kai yana jan carbi. Ejub yana baya, ya rufe fuska da hula.

A waje na tarar da Mevlida, ashe tana sama wurin mata. Ta miƙo mini burodin buɗa baki, da zafinsa. Ta ce, "Da yana nan, da yau ba ka sha ruwa lafiya ba. Har Idi zai yi ta maimaita maka."

Na ce, ni fa ban ce ya yi gaskiya ba.

Ta ce, "Na sani, Yaya."

Ban sauya ra'ayi ba. Ina ganin dai duniya duka ruwan ya rufe. Ina jin haka.