Baba, Mun Ci Irin Da Ka Bari

Zuwa ga mahaifina, Malam Sule,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinka.

Baba, ruwan shuka ya sauka garinmu shekaranjiya. Ƙasa ta jiƙu sosai, sungumina yana jingine a zaure, amma ba ni da abin da zan jefa a rami. Shi ya sa na ce gara ka ji daga bakina.

Ka tuna yadda kake yi lokacin kaka? Kafin a ɗaure dami ko ɗaya, sai ka zaga gona ka zaɓi zangarniyar dawa mafi cika, ka rataye a madafar Inna don hayaƙi ya tsare ta daga ƙwari. "Wannan ba abinci ba ne, ko da an kwana da yunwa," haka kake cewa.

Bayan rasuwarka wasu baƙi daga ƙasar waje suka zo da tallafi, malaman gona na yi musu rakiya. Iri kyauta, taki kyauta, sharaɗinsu ɗaya: kada a shuka na gida kusa da nasu. Na dangwala yatsa a takardarsu baki har kunne. Kuma dawarsu ta yi kyau, ba zan ci haƙƙinsu ba. Rumbu ya cika, har na fara yi wa masu tsohon iri kallon mutanen da.

Irinka ya ci gaba da lilo a madafa. Bara da azumi matata Binta ta ce ya tare mata wuri. Na ce ta sauke ta sussuka ta yi mana tuwo. Ni na ba da izini, Baba. Har ƙari na nema.

Yanzu rediyo ta ce gwamnati ta saɓa da baƙin. Manya sun ce sharuɗɗansu sun fara taɓa 'yancin ƙasa, suna son su zaɓa mana abin da za mu noma da wanda za mu sayar wa. Su kuma baƙin sun ce taimako kawai ya kawo su. Motarsu dai ba ta ƙara shigowa ba. A kasuwar Ɗambatta kowa ya zama ɗan siyasa, ana cewa gara da aka nuna musu ƙasar nan tana da masu ita. Ni ma na ji daɗin maganar. Sai dai ranar da aka karɓa ba a shawarce mu ba, ranar da aka ƙi ma haka.

Ashe dawarsu ba a maimaita ta. Malamin gona ya ce in na shuka wadda na girbe, rabi ma da ƙyar. Tsoro nake ji, Baba. Mu tara ne a gidan nan, laimar ƙasa kuma ba za ta jira ni ba.

Mutum ɗaya ce ta rage da irinka: ƙanwarka Gwaggo Hansai ta Tofa. Ita ce na yi wa dariya a gaban jama'a da ta ƙi dangwala yatsa. Gobe da sassafe zan je in durƙusa mata. Ban sani ba ko ta riga ta shuke duka. Abin da ya fi damuna, za ta tambaye ni ina naka, ni kuwa ban taɓa iya yi mata ƙarya ba.

Allah ya jiƙanka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ni kuma Allah ya sa in tarar da ko mudu ɗaya.

Ka yafe mini, Baba.

Ɗanka,
Habu