Sajida Tawa Ce, Ni Na Shayar Da Ita

Ana sanar da masu karatu na kusa da na nesa cewa daga wannan mako mai filin nan ya daina sa sukari a shayi, bisa umarnin likita da na maiɗakinsa, wanda ya fi na likitan ƙarfi. Duk wanda ya ji ɗaci a amsata, ya san daga inda ya fito. Ga wasiƙar.

Malam Nuraddeen, don Allah ka taimake ni, kaina ya kulle. A Jidda aka haife ni, a unguwar Nuzla nake aure. Shekara goma sha ɗaya ke nan da maƙwabciyata Zubaidatu, wadda ta zo umra ta zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama, ta bar mini jaririyarta 'yar wata huɗu, za ta kasuwar Bab Makka sayar da abinci ta dawo da la'asar. Ranar aka yi kamen marasa iƙama, aka mayar da ita Najeriya. Uban yarinyar ya rasu tun tana ciki. Lokacin ina goyon 'yata Rim, sai na haɗa su a nono, tare na yaye su.

Sunanta Sajida. Ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na koya mata salla. Da farko Zubaidatu tana bugo waya, tana kuka ina kuka. Da yarinya ta fara wayo sai na canza lamba. E, na canza, ba zan ɓoye maka ba. Sajida ba ta san komai ba, Mama take ce mini. Hausar ma ji kawai take yi, da Larabci take mayarwa. Me za ta je yi a Gusau, garin su Zubaidatu?

Makon jiya sai ga Zubaidatu a ƙofata da bizar umra, da takardar haihuwa ta asibiti a leda, wai 'yarta take so. Na tura Sajida gidan yayata a unguwar Bagdadiyya, na ce ba ta nan. Maigidana Abdulmohsen ya ce in ji tsoron Allah. Ina jin tsoronSa, amma ba zan bayar ba, halas, magana ta ƙare! Ita wata huɗu ta yi, ni shekara goma sha ɗaya. Nonona ne a jikinta, ai addini ma ya ce ni uwarta ce. Ta je duk kotun da za ta je. Bizarta saura kwana tara. In na daure, ba shi ke nan ba?

Uwar Sajida, Nuzla

Hajiya, na lura ba shawara kika zo nema ba, sa hannu kike so. Ba zan sa ba, amma zauna tukuna.

Ke uwa ce, babu mai ƙwace miki wannan. Shayarwa ta sa ke da mijinki kun zama muharramanta har abada, Rim kuma 'yar'uwarta. A nan ƙarfin nono ya tsaya. Bai sauya mata uba ba, bai ba ta gadonku ba, bai kuma sa kin shiga gaban mahaifiya a haƙƙin riƙo ba. Zubaidatu ba yar da ita ta yi ba. Amana ta ba ki zuwa la'asar, aka sa ta a mota. Shirun shekarun nan kuwa, da bakinki kika faɗi wadda ta canza lamba.

Ita ma ba ta da ikon fizgar yarinya ta nufi filin jirgi. Alƙali yakan duba abin da ya fi wa yaro alheri, kuma 'yar shekara goma sha ɗaya ba buhun shinkafa ba ce.

Akwai abin da wasiƙarki ta tsallake: da wace takarda Sajida take zaune? Ba ki faɗa ba, kuma ina jin na san dalili. Takardar nan ta cikin leda ita kaɗai ce shaidar cewa an haife ta. In kin daure kwana tara, jirgi zai tashi da takardar. Kin yi nasara, sai ki zauna da budurwar da jarrabawa, aiki da aure a rubuce duk za su gagare ta. Kada kuma wani mai wayo ya ce a rubuta ta da sunan Abdulmohsen. Addini ya hana, doka ma ta hana.

Ki ɗauko ta daga Bagdadiyya gobe. Ki faɗa mata da bakinki kafin wata a unguwa ta riga ki. Ki kira Zubaidatu ta ci abinci a gidanki, ku zauna da dattijo guda, ban da 'yan kallo. Daga nan ku tafi ofishin jakadancin Najeriya da wurin lauya tare, a fara neman mata takardu da sunan ubanta, a rubuta inda za ta zauna da yadda ɗayarku za ta riƙa ganinta. Ita ma Sajida a tambaye ta. Ban yi miki alkawarin za ta zauna a Nuzla ba. Allah Ya raya ta, Ya sanyaya zuciyarki da ta Zubaidatu.

Ƙanwata ta taɓa riƙon wani yaro. Ni da tarin littattafaina na ce ta ɓoye masa asalinsa sai ya girma. A wurin ɗaurin aure ya ji daga bakin baƙo, yau shekara shida bai taka gidanta ba. Laifina ne, ban yi daidai ba.