Kwakwar Cibiyarka

Choiseul, Saint Lucia,
9 ga Fabrairu.

Zuwa ga ƙanena Hilaire,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya raba ku da sanyin Landan, ya ƙara rufa asiri. Ni ma lafiya, in ban da gwiwar nan da ke hana ni hawa tudun coci. Tun da muka binne Mama gidan ya yi mini girma. Har yanzu kofi biyu nake ɗaukowa in zan haɗa shayin koko da safe, sai na ajiye su sannan in tuna.

Ɗakunan baƙi da ka sa aka gina a sama ba sa kwana ba kowa. Lokacin zuwan Turawa 'yan yawon buɗe ido ne, suna ta zuwa kamar an koro su daga gida. Da safe su je su shafa taɓo a ruwan zafin Soufrière, da rana su kwanta a bakin teku har su yi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa, su dawo su ci ayaba da kifin gishiri suna santi. Wata ta ce mini wai a aljanna nake zaune. Na ce mata to, aljannar da kowa ya tsere ya bar ni da kaji ke nan. Da na fara sabawa da su sai mota ta zo ta kwashe su.

Saƙonka ya iso, cewa baƙi sun rubuta a intanet wai itatuwan kwakwa biyu na bakin katanga sun tare musu dutsen Piton, don haka a sare su. Hilaire, sau uku na karanta ina neman inda za ka ce wasa kake. Ashe shekara talatin da ɗaya a ƙasar mutane ta isa ta mantar da kai? Ranar da cibiyarka ta faɗi, Baba da kansa ya haƙa rami ya binne ta, ya dasa kwakwa a kai, kamar yadda ya yi wa tawa. Ni na riƙe masa butar ruwa. Ta dama tawa ce, ta hagu mai karkata wajen teku taka, shi ya sa Mama takan ce tun kana zanen goyo ka nuna kai ba mazauni ba ne.

Ban yi watsi da maganarka ba, tunda kai ka yi ginin. Na kira Boniface mai saran itace. Da ya ji ko waɗanne ne, sai ya ajiye igiyarsa ya ce shi fa ba da shi ba, kada gobe mutum ya yanke jiki ya faɗi a titin Landan a ce Boniface ne ya sare shi. Wai Turawan ba su da ƙafar saukowa su kalli dutsen daga hanya ne? Na yi dariya, amma raina a ɓace yake. Ban taɓa gaya maka ba, kullum in na fito shara, kwakwarka nake fara dubawa. In na ga ganyenta shar sai in ce yaron nan lafiyarsa lau, ko da ka yi wata uku ba ka kira ba.

Sai na ce wa Boniface ya sare tawa, ni ce mai ita, ga ni kuma a tsaye, in wani abu ya same ni ba zan kai ƙararsa ba. Ya daɗe yana kallona, ya ce Eudoxie, ke dai ba ki da dama, sannan ya hau ya ɗaura igiya. Ban tsaya na ga faɗuwarta ba, kicin na shige, amma na ji ta har cikin ƙirjina. Yanzu rabin dutsen ya fito, baƙi sai ɗaukar hoto suke suna yaba mini. Ni kuwa in na ga taka ita kaɗai a bakin katanga, abin yana yi mini ciwo fiye da yadda na zata.

Taka kam, saƙon waya ba zai kayar da ita ba. In kana so ta faɗi, ka hau jirgi ka zo ka tsaya a gindinta ka sare da hannunka. Zan wasa maka addar Baba, in share maka ɗakinka. Ba zan hana ka ba, in dai ka zo.

Ka gaishe mini da matarka Marcelline, da yaranku Odile da Fabien. Boniface yana gaishe ka, wai ka gode masa.

Ni ce yayarka mai kewarka,
Eudoxie