Muryar da Ke Ƙarasa Waƙar Umma

Perry Barr, Birmingham
Litinin

Yayana Sha'aban,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya ruwan Manchester da ba ya gajiya? Mu nan lafiya lau. Jaririyata Humaira sai ƙiba take, ni kuwa Umma ta dafa ni da ruwan jego har na fara tausayin kaji.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Flat ɗin nan tafin hannu ne, ko tari na yi a waya Umma na ji, shi ya sa na ba Uba, abokin maigidana, ya kawo maka tunda unguwarku Rusholme zai zo.

Ka tuna waƙar renon nan ta Umma da ba ma gane ko kalma ɗaya, har muke cewa yaren aljanu ne? Ka san kullum a tsakiya take yankewa, ta ce iyakar abin da ta sani ke nan. To jiya da hantsi tana yi wa Humaira, ta kai wurin ta yi shiru. Wallahi Yaya, sai wata murya ta ɗauka daga bayan bango. Muryar tsohuwa ce, a dishe, ta ɗora daidai inda Umma ta ajiye har ta kai ƙarshe. Tun da muka tare ban taɓa ganin mai wancan flat ɗin ba.

Umma ta ce ita ba ta ji komai ba, wai jego ne ke sa ni jiye-jiye. Amma na ga leɓenta na bin muryar, har ta kusa kifar da kunun kanwa.

Na naɗi waƙar a ɓoye na tura maka. Kai da ke cika baki babu ƙabilar da babu a uni ɗinku, sai ka nemo mai ji. Tsoro nake ji, ban ɓoye maka ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Hajar

Juma'a

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin naka, murar ta sake ka? Na gode da saƙo, ka gode wa abokin lab ɗinka ɗan Sifen.

Ashe waƙar soyayya ce da Sifaniyanci! Na bi abin da ya faɗa, na yi ta saurare ina shayarwa. Wai a ƙarshen shekarun 1960 ta fito, labarin wata da ke tsaye a bakin teku tana jiran wanda jirgi ya tafi da shi. Rediyo ya kai ta duk inda ake jin yaren, kowane zamani da mawaƙin da ke sake rera ta, ana sa ta a biki ana sa ta a makoki. Mu muna nan muna taƙama ta gidanmu ce, ashe rabin duniya aka rena da ita.

Da farko hankalina ya kwanta. Ai kakanninmu iyayen Umma, Inna da Malam, sun yi fatauci a tsibirin Fernando Po da Sifen ta mallaka, kafin a kwaso 'yan Najeriya a jirgin ruwa Umma na 'yar ƙarama. Na ce can ta tsinto ta.

Abin da ya hana ni sakat shi ne kalmomi biyun da ya ce babu su a waƙar asali, sunayen mata ne, Pilar da Ines. Shekaranjiya zan kai Humaira wurin GP, likitanmu, na haɗu da maƙwabciyar a lift. Tsohuwa ce baƙa mai sanda. Ta daɗe tana kallon jaririyar, sannan ta ce sunanta Pilar. Yaya, goshin Umma ne a fuskarta, har wushiryar.

Umma ta daina waƙar kwata-kwata. Yanzu muryar ce ke farawa kullum da hantsi, ta kai tsakiya ta tsaya, ta jira. Umma sai ta ƙure karatun rediyo.

Taka, Hajar

Lahadi

Yaya Sha'aban,

Ina gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya. Ka zauna kafin ka karanta.

Ka ce in bar kaza cikin gashinta, ban bari ba, ka san hali. Jiya Asabar na ƙwanƙwasa ƙofar Madam Pilar. Ɗakin tsaf, gicciye a bango, ga tsohon faifan waƙar a jingine. Da guntun Turancinta ta ba ni labari. A tsibirin aka haife ta. Uwarsu na sayar da soyayyen kifi kusa da tashar jirgin ruwa, ita ce ta cusa sunayen 'ya'yanta biyu a waƙar tana lallashinsu. Ranar kwasar mutane ta bar ƙaramar, Ines, a hannun maƙwabciyarta Bahaushiya. Turmutsutsu ya ɓarke, aka tura jama'a cikin jirgi, har da matar da yarinya goye. Uwar ta rayu tana zuwa bakin tashar tana rera waƙar har ta mutu.

Kai ma ka san Inna ba ta taɓa wata haihuwa ba. Ka san ba a taɓa nuna mana inda aka yanke cibiyar Umma ba.

Na dawo na kasa faɗa wa Umma. Ta yaya zan dubi Hajiya Suwaiba, mai jikoki, in ce mata uwar da ta binne a Kano ba ita ta haife ta ba? Na yanke shawarar in yi shiru, tunda yau jirginta na komawa Kano zai tashi.

Da safe taxi ya iso, Baban Humaira ya sauka da kaya, saura akwati ɗaya. Muka fito, Umma na gaba tana sauri, ko kallon ƙofar ba ta yi ba. Ƙofar na rufe. Daga ciki aka kira Ines, a hankali, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci.

Umma fa ko mu ne muka kira ta daga wani ɗaki ba ta amsawa sai ta ga fuska, ta ce ba a amsa kiran wanda ba a gani. Yau ta amsa. Da wata kalma da ban taɓa ji ba, da siririyar murya irin ta yarinya. Ita kanta ta toshe bakinta da hannu, sannan ta zauna a kan akwatin.

Jirgi ya tashi babu ita. Madam Pilar ta buɗe ƙofa, Umma ta shiga, suka daɗe a ciki su biyu, babu mai jin yaren wani, sun riƙe hannun juna kawai. Da ta fito yin azahar ta sallame, ta ɗaga hannu za ta yi wa iyayenta addu'a kamar kullum, sai ta tsaya. Ta juyo ta tambaye ni, duk shekarun nan da take cewa Allah Ya jiƙan mahaifiyarta, wacece a cikinsu addu'ar ke isar wa.

Yaya, har yanzu hannunta na sama. Ka hau jirgin ƙasa ka zo.

Wassalam.
Ƙanwarka, Hajar