Ƙarin Ruwa da Goyon Ciki

Zuba, ƙasar Abuja,
Daminar 1974.

Zuwa ga Yaya Uwani,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafa, amin. Saƙonta ya iso, wai an share mini ɗaki, har an fara tara itacen wankan jego.

Yaya, ranar da maigidana ya dawo daga asibiti a Zariya, ina gindin mangwaro na yi nisa cikin wani littafi, ina yawo a wani birni mai ƙofofin azurfa. Da na ɗago kai, sai na ga idanunsa sun ƙara yin rawaya kamar gangamau. Ya ce ciwon daji ne can bayan tumbi, kuma ya riga ya yaɗu. A littattafaina, in labari ya kawo nan, sai wani ya haye ingarma ya ɗebo ruwan waraka daga bayan duwatsu. Na daɗe ina kallon Dutsen Zuma, gajimare ya naɗa masa rawani, ina jira ko mahayin zai ɓullo.

Namu ruwan na kwalba ne. Rataye shi ake yi, yana ɗiga cikin jijiya a hankali kamar indararo bayan an ɗauke ruwa. Bayansa sai amai da miki a baki, ko kunu sai da lallashi. Sista Magdalene, mai kula da shi, ta gaya mini maganin ba ya warkarwa, sai dai ya ɗan ja lokaci, in Allah ya so. Na roƙe shi ya bari ya huta, ya ƙi, kuma bai faɗi dalili ba. Kin san kunyar ɗan fari, ko sau ɗaya bai taɓa ambaton cikin nan ba. Sista ce ta tona shi tana murmushi, wai abu ɗaya ya tambayi likita, ko maganin zai kai shi yankan dawa. Yaya, watan haihuwata ke nan.

In na taho Argungu goyon ciki, sai na yi arba'in kafin a maido ni, shi kuwa jikinsa ba zai ɗauki wannan doguwar hanya ba. Sai ya zama ya sha azabar nan a banza, bai ga abin da na haifa ba.

Ki gaishe mini da Kawu Maude da Gwaggo Asta. Inna kuwa ki lallashe ta da bakinki, don nawa ba zai iya ba. Ba zan zo ba, Yaya. A nan Zuba zan haihu.

Taki ƙanwa,
Lantana.