Man Garar Ƙanwata Yana Cikin Tankin Motar Mijina

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin ki rufa min asiri ki cire sunana, don 'yan uwana da yawa suna nan ciki suna karatu. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi raina a ɓace yake, kwana bakwai ke nan ko abinci na sa a baki ba na jin ɗanɗanonsa.

Ni matar aure ce a Sintali nan Jalingo, 'ya'yana uku. Maigidana direba ne, yana da wata tsohuwar a-kori-kura mai shan gas, yana ɗauko doya da masara daga ƙauyuka ya kawo kasuwa. Da gas ya yi tsada sai ya ga wani bidiyo a waya, wai ana tace tsohon man suya a zuba wa mota ta tashi. Tun daga ranar ban sake sanin kwanciyar hankali a gidana ba. Bi yake wajen masu soya kifi da masu awara da gidajen abinci, duk man da ya yi baƙi suka gaji da shi su tara masa, ya kwaso ya juye a duro a bayan ɗakina. Sai ya bar shi sati biyu ya kwanta, sannan ya ɗora a wuta ruwan ciki ya ƙone, ya tace da ƙafar tsohon wandon jins, ya sake tacewa da ƙyalle mai laushi, ya ƙare da filta. Ba zan yi masa ƙarya ba, in ya gama man yana fitowa garau, kuma motar tana tashi, yakan zuba rabi gas rabi man a cikin tanki. Amma ni na san abin da na sha. Rariyata biyu ya kashe, babbar tukunyata ta kayan ɗaki ta zama ta dafa man mota, mayafina sabo na same shi a bakin mazurari. Gidan gaba ɗaya ƙarnin kifi yake, har zanin gadona. In ya wuce a unguwa hayaƙin motar warin suya yake, abokansa har Mai Ƙosai suke ce masa, shi kuma dariya yake wai baƙin ciki ne. Abu ɗaya na roƙe shi tun farko, na ce Baban Ummi duk abin da za ka yi ka yi, amma jarkokinka kada su shigo min sito, don irin jarka ɗaya ce da ta man girki, mai ruwan ɗorawar nan. Ya ce ba komai, zai riƙa ɗaura jan ƙyalle a hannun tasa.

To watan jiya aka yi bikin ƙanwata, autarmu, aka kai ta Nukkai. Ku da kuka san al'adarmu kun san gara, bayan biki dangin amarya su kai wa dangin ango kayan abinci da dubulan da cincin da alkaki, su kuma su rarraba wa 'yan uwa da maƙwabta. A danginmu duk wata gara da aka yi a shekara talatin ɗin nan, Goggo ce ke soya ta. Yayar babanmu ce, tana zaune a Mayo Gwoi, ba ta taɓa haihuwa ba, mu ta riƙe. Ba ta da komai a duniyar nan sai hannunta na suya, har mutanen da ba danginmu ba zuwa suke su ɗauke ta. Ita da kanta ta je wajen matar da take sayen man gyaɗa na matsa a hannunta tun muna yara, ta zaɓo jarka guda cike, ta ce a ajiye a gidana tunda tsakar gidana ya fi faɗi, nan za a yi suyar. Ni na karɓa da hannuna na sa a sito.

Ranar Alhamis mata suka taru, aka hura wuta, na ɗauko jarka na ba Goggo. Da man ya yi zafi ta tsaya tana kallonsa, ta ce anya, man nan yana kumfa da yawa. Goggo tun wata doguwar mura da ta yi hancinta ba ya jin wari sosai, sai ta kira ni ta ce ke zo ki shinshina min. Na shinshina, na ji ƙarni, na ce Goggo warin gidan nan ne, durorin Baban Ummi ne ga su can. Duk matan suka yi dariya suka ce ai tun daga ƙofa suka ji shi. Man matsa dama ya fi na kanti duhu, ba wanda ya kawo komai a ransa. Wannan maganar tawa ita ke hana ni sakat yanzu, don da bakina na ce mata ta ci gaba. Aka wuni ana suya, aka tsoma dubulan a ruwan sukari, aka jera a manyan robobi aka rufe.

Asabar motar maigidana ce ta ɗauki garar, ni ina gaba, mata suna baya da kaya. A hanya wata ƙanwar mamana ta buga gilashi tana dariya, ta ce yau kam motar Baban Ummi ta yi wanka, ƙamshin ƙuli take ba kifi ba. Na juya na kalle shi don mu yi dariya tare, na ga ya haɗe rai yana kallon titi. Na ɗauka gajiya ce.

Kwana biyu ba a yi ba ƙanwata ta kira ni tana kuka. Ashe da suka buɗe robobin, kwana biyu a rufe cikin zafin Jalingo, ƙarnin kifi ya bugi kowa. Wasu robobin kuma an riga an rarraba wa maƙwabta a rufe, wasu suka zuba wa awaki, wata ta dawo da nata har gida ta ce a yi haƙuri yana kama maƙogwaro. Uwar mijin ta ce ita ba a taɓa raina ta irin haka ba. Yarinya ko sati uku ba ta yi a ɗaki ba, ƙannen mijin sun fara ce mata amaryar kifi. Magana ta dawo gida, babanmu ya ce a bincika, kuma kun san yadda bakin mutane yake. Aka ce ai Goggo ce ta sayo man, ita ce ta soya. Kafin ka ce me, an gama yanke mata hukunci, wai ta ɓoye mai kyan a ɗakinta ta samo na banza ta kawo. Wasu suka ce ba sata ba ce tsufa ne, hannun ya tafi. Wata mata da ta riga ta ɗauke ta suyar bikin 'yarta ta aiko cewa ta samu wata. Goggo ta shiga ɗaki ta ja labule.

Ni ina shara a sito ranar Larabar da ta wuce maganar ƙamshin ƙulin nan ta faɗo min, sai da na zauna a ƙasa. Na duba jarkar da muka soya da ita, murfinta baƙi ne, ta Goggo kuwa jan murfi gare ta, na tuna sarai. Da ya dawo cin abincin rana na tsare shi, na ce ya dubi girman Allah ya gaya min abin da ya zuba wa motarsa. Da farko ya ce ban da hankali, da ya ga na ɗauko jarkar na dire a gabansa sai ya sauke murya. Wai ranar Laraba kafin suyar hadari ya taso, ya shigar da jarkarsa sitona don kada ruwa ya shiga, bai samu jan ƙyallen ba. Da safe yana sauri ya sungumi ɗaya. Jama'a ku ji abin da ya fi ƙona min rai. Ya ce yana cikin zubawa a tanki ya ji ƙamshin gyaɗa, ya gane, a lokacin ko rabi bai zuba ba. Ko wuta ba mu hura ba a lokacin! Da ya buɗe baki ya ce na yi kuskure, da an nemo wani man, magana ta ƙare a tsakar gidana. Sai ya rufe jarkar ya jefa a bayan mota ya tafi, don yana jin kunyar surukai su ce harkar tasa ta jawo ɓarna. Ya dawo da la'asar ya same mu muna suya, har sannu da aiki ya yi wa Goggo. Ragowar man kuma ranar Asabar ya ƙarasa juye shi a tanki don kada a gani, da shi muka kai garar Nukkai.

Na yi masa tas, ban taɓa ɗaga masa murya haka ba a shekara goma sha ɗaya. Na ce kai wane irin mutum ne, kana ji ana kiran tsohuwa ɓarauniya kana cin tuwo kana ƙoshi. Amsar da ya ba ni wai man nasa ya fi na kasuwa tsabta, sau uku yake tacewa, kuma ai ba wanda ya mutu, maganar mata ce za ta wuce. Na ce zan je in gaya wa Baba. Ya ce in na kuskura na tona shi a gaban iyayena, to in ɗauki kayana in zauna can, don shi ba zai iya sake haɗa ido da su ba. Na san halinsa, ba mugu ba ne, bai taɓa barinmu da yunwa ba, amma a kan jin kunya zai iya aikata abin da ya faɗa. Kuma in na faɗa dole in faɗi nawa, cewa ni ce na shinshina na ce lafiya lau.

Na yi niyyar in yi shiru kamar yadda ya ce, sai ga Goggo jiya da rana, ta hau keke napep tun daga Mayo Gwoi ita kaɗai. Ta rame. Ba ta kawo ƙarar kowa ba, ta kwance bakin zaninta ta fito da 'yar leda da dubulan guda huɗu a ciki, ta ce ta soya ne a ɗakinta ba wanda ya sani. Ta ce, "'Yar nan ke ce ba za ki yi min ƙarya ba, ɗanɗana ki gaya min, da gaske hannuna ya lalace?" Na ci, wallahi irin wanda na sani ne tun ina yarinya. Na ce Goggo ya yi daɗi. Ta ce to me ya faru ranar nan, ta yi ta tunani ta rasa. Maigidana yana bayan ɗaki a lokacin, ina jin ƙarar mazurarinsa yana tace mai.

Jibi Juma'a Baba ya ce kowa ya hallara bayan an sauko daga masallaci a kashe maganar, Goggo ta ce za ta zo da alwalarta ta dafa Alƙur'ani. Iyaye da yayye na wannan gida, me zan yi? In ba shi daga yau zuwa jibi ya je ya faɗa da bakinsa, in ya ƙi fa? In tashi a gaban kowa in faɗa, in koma gidanmu da 'ya'ya uku? Don Allah kada wanda ya ce min in yi haƙuri kawai, haƙurin ba nawa ba ne da zan bayar. Sauran dubulan ukun suna nan cikin leda a kan firij, na kasa ci, na kasa ba yara.