Fedal Mai Kama Ƙafa

Dantchiao

Gidaɗo,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya Damagaram da mutanenta masu fankama? Gaisuwar ta isa haka, takardar ba ta da yawa.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa a hannun Idrisa direba. Talhona na sayar, na cika na sayi keken tseren nan da na daɗe ina yi maka zancensa. Da ma kai kaɗai nake kira, kai kuma ba ka ɗauka.

Tun da ka tafi birni gyaran kekunan ƴan tsere, ni kaɗai nake fita. Da sassafe in kama hanyar Magariya, sai rana ta take in dawo. Samarin garin nan na zaune gindin dogon yaro suna cewa, "Ga mai ƙwarya a ka nan ya taho," saboda hular kwanon da nake sawa. Baba ya ce keken da ba ya ɗaukar buhun gero ba keke ba ne. Gwaggo Turai, yayarsa, ita kaɗai ke tambayata inda na kai. Ta aje mini fura, ta ce, "Angon ƙarfe, yau ma amaryar ba ta kayar da kai ba?" Kwanan nan ba ta jin daɗi, amma bakin yana nan daram.

Ga dalilin rubutun. Bayan kaka za a yi tseren zaɓen ƴan jiha a nan wurinku, kuma zan shiga. Ba zan zo da fedal ɗin roba kamar mai tallan ƙanƙara ba. Ka samo mini fedal mai kama ƙafa da takalminsa. Na karanta a wata tsohuwar jaridar faransanci, harafi-harafi har kaina ya yi ciwo, cewa iri biyu ne. Na ƴan tsere na gaske nake so.

Ka huta lafiya, in kana hutawa.
Muhsin

*

Damagaram

Zuwa ga ƙanena Muhsin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, da Baba Hassan, da dukan gida. Gwaggo Turai Allah ya ba ta sauƙi. Ka ce mata ɗan Fulanin nan mai kushe furarta yana gaisuwa, kuma har yau bai sha irinta ba.

Gaskiyarka, iri biyu ne. Duka biyun akwai wani ɗan abu da ake ɗaurewa a tafin takalmi, kal ake ce masa. Kana takawa ya shige cikin fedal ya kulle, ba ya saki sai ka murɗa diddige waje. Na gudron, wato na titin kwalta, fuska ɗaya ne, kal ɗinsa babba, in ka sauka tafiyar agwagwa za ka yi, kuma rairayi na shiga ya cije. Na daji fuska biyu ne, kal ɗinsa ƙarami, a ɓoye cikin tafin takalmi. Yana saki da wuri, kana iya takawa da shi har masallaci.

Shawarata ka fara da na daji. Ba don komai ba, garinmu ba birni ba ne. Ka tuna daga ƙofar gidanku zuwa bakin hanya sau nawa kake sauka ka gaida manya. Wanda ke sauka haka, fedal mai saurin saki ya dace da shi.

Batun talho ka yi haƙuri, hannuna kullum cikin baƙin mai yake.

Allah ya sada mu da alheri.
Yayanka, Gidaɗo

*

Dantchiao

Gidaɗo,

Salamu alaikum. Na daji? Ashe kai ma ɗan daji kake ganina. Shekara ɗaya a birni har ka koyi yi wa mutum magana daga sama. Ni tsere zan je, ba gaishe-gaishe ba. Na gaji da sauka. Tun ina yaro nake durƙusa wa mutanen da ko sunana ba sa kira daidai. Ka ba Idrisa na gudron, in ba za ka iya ba ka faɗa mini in nemi wani.

Gwaggo ta ce ƙarya kake, ka sha wadda ta fi tata ka ɓoye.

Sai na ji ka.
Muhsin

*

Dantchiao

Gidaɗo,

Salamu alaikum. Ban san ta inda zan fara ba. Gwaggo Turai ta rasu.

Kayan sun iso, har da ɗan ƙarfen da ka ce in sassauta ƙusar bayan fedal da shi. Ɗaure ta na yi har ƙarshe, don jaridar ta ce haka manyan ƴan tsere suke yi.

Ranar na fita tun da sassafe, na leƙa ɗakinta tana barci. Ashe bayan fitata ta cika. An nemi ni, ba talho. Ka san ba a jira da gawa.

Na dawo ta ƴar hanyar nan ta bayan gari, gero ya fi mutum tsawo hagu da dama, ina gudu yadda ban taɓa yi ba. Ina shan kwana sai ga mutane da makara a kafaɗa, sun nufi maƙabarta. Ka san yadda ake yi. Mai jaki ya sauka, mai moto ya kashe ya tsaya, har mahaukacin kasuwa tsayawa yake a wuce. Na ja birki, na murɗa diddige. Bai saki ba. Ashe da na tsaya shan ruwa a Magariya, rairayi ya cika kal ɗin. Na sake murɗawa. Keken ya fara karkata. Abu biyu ne: ko in kife a gabansu ƙafafuna a ɗaure, ko in taka.

Na taka, Gidaɗo. Mutane suka dare, na bi ta gefen makarar kaina a sunkuye kamar mai tsere. Baba ne ke riƙe da gaban makarar. Da na ga fuskarsa na san wace ce a ciki.

Can gaba rairayi ya kayar da ni cikin gonar wake, inda ba mai gani. Na kwance takalman na zauna. Ina jin tafiyarsu tana nisa. Na kasa bin su.

Yanzu ba mai yi mini magana. Ba zagi, ba komai. Masu kirana mai ƙwarya ma sun daina, wallahi har kewar zagin nake. Baba ya sa a riƙa zuba mini tuwo a kwano daban, a aje ƙofar ɗakina. Na ce masa, "Baba, takalmin ne ya kama." Ya dubi ƙafata, ya tashi ya shiga gida. To wa zai yarda? A garin nan wa ya taɓa ganin takalmin da ke riƙe mutum a kan keke? Su je su yi ta tunanin abin da suka ga dama. Ba zan bi gida-gida ina roƙo ba.

Ƙwaryar da take aje mini fura tana nan a rataye.

Muhsin

*

Damagaram

Ƙanena Muhsin,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka kabarinta, ya ba ku haƙuri. Na karanta takardarka a bayan shago, na daɗe ban koma aiki ba.

Ba zan ce na faɗa maka ba. Ni ma da laifina, da na sani da ban aiko maka na gudron ba.

Amma ka ji wannan. Duk wanda ya fara hawa da fedal ɗin nan sai ya faɗi. Na ga babban ɗan tsere ya kife a gaban masu sayar da tsire, yara na dariya. Ni kaina na faɗi a bakin tasha. Ba wanda ya tsira. Fedal ya hana ka sauka, gaskiya ne, amma bai hana ka faɗuwa ba. Da ka faɗi a gaban makarar, da Baba ya gani da idonsa. Kai ma ka san haka, shi ya sa kake ta faɗa da mutanen da ba su ce maka komai ba.

Ka sassauta ƙusar, ka dafa bango ka yi ta koyon murɗa diddige. Ban samu izini ba, ba zan zo sadakar arba'in ba. Ka tsaya a madadina.

Allah ya sanyaya zuciyar Baba.
Yayanka, Gidaɗo

*

Dantchiao

Yaya Gidaɗo,

Salamu alaikum. An yi sadakar jiya.

Na koyi cirewa, yanzu ko ido rufe ina yi. Na hau keken na je ƙofar gida, dattawa cike da tabarmi, Baba a tsakiya. Na ja birki a gabansu. Ban murɗa ba.

Na kife kamar buhu, ƙafafuna a sama manne da keke. Wani ya yi dariya, aka tsawata masa. Baba ya taso, ya kama ƙafata ya ja. Ta ƙi. Ya sake ja da ƙarfi, har keken ya biyo shi. Ya tsaya yana duban abin, ya daɗe. Sai ya durƙusa, ya kwance igiyar takalmin da hannunsa, ya zare ƙafata.

Ya ce, "Tashi ka je ka yi mata addu'a. Ka san wurin?"

Na ce ban sani ba. Ya sa takalminsa ya wuce gaba, na bi shi ba takalmi.

Gwiwar hannuna ta kumbura. Ka ba Idrisa na daji, in akwai.

Ka gaida mutanen shago.
Ƙanenka, Muhsin